Causey: Kalmar Titin Dutse a Sikotlan

A darasin lugga an koya mana cewa duk kalma tana da asali, kamar yadda mutum yake da dangi. To, bana mun ɗauko wata kalma daga nesa, daga Sikotlan da ke arewacin Ingila, don mu bi salsalarta.

Kalmar ita ce causey, ana furta ta kamar "kozi". A tsohon harshen mutanen ƙasar ma'anarta titin da aka shimfiɗe da duwatsu. A tsofaffin takardunsu akan gan ta a rubuce calsay. Daga tsohon Faransanci ta shigo musu, kuma 'yar'uwar chaussée ce, wadda masu jin Faransanci a cikinmu suka sani da ma'anar hanyar mota. Dukansu biyu daga Latin suka fito, daga calciata. A nan malaman lugga sun yi saɓani: wasu sun ce tushenta dutsen farar ƙasa ne da ake gina hanya da shi, wasu sun ce diddige ne, wato hanyar da ƙafa ta tattake.

Me ya sa irin wannan titi ya samu suna nasa daban? Saboda ƙasar ruwa ce, hanyar da ba dutse taɓo take zama. Magina sukan ɗaga tsakiyar titin ya yi tozo, ruwa ya gangara gefe. A tsohon birnin Edinbara kuwa, mazauna benaye sukan watso ƙazantar gida ta taga da dare. Ka ga ke nan wanda ya bi gefe ya shiga uku, wanda ya bi tsakiya ya tsira da tufafinsa.

Wannan tsakiyar ita suke kira kambin causey. Daga nan suka samu salon magana: in an ce wane ya riƙe kambin causey, ana nufin yana tafe a fili da mutuncinsa, ba ya ɓuya, ba ya kauce wa kowa.

Kalmar ta shiga tarihi ma. A shekarar 1520, sarkinsu James na Biyar yana yaro ƙarami, manyan gidaje biyu, Hamilton da Douglas, suna takarar iko. Suka gwabza a babban titin Edinbara, aka zubar da jini, 'yan Douglas suka fatattaki 'yan Hamilton daga gari. Sunan da aka ba wannan faɗa ma'anarsa share causey, kai ka ce shara aka yi ba mutane aka kashe ba.

Yau kalmar ta ja baya a bakin jama'a, amma sunayen wurare sun riƙe ta: akwai Causeyside a garin Paisley, akwai Causewayside a Edinbara. Ita ce kuma uwar causeway ta Ingilishi, hanyar da aka ɗaga bisa ruwa ko fadama.

Abin lura a nan: kalma ɗaya ta nuna mana ruwan ƙasar, da ƙazantar birni, da girman kan manya. In malam ya ce mu nemo asalin kalma, kada mu ɗauka wahala ce kawai. Allah ya ƙara mana fahimta.