Gawon da Ibrahim Salahi Ya Zana a Ƙasar Baƙunci

Kowa a cikinku ya san gawo da halinsa. Idan damina ta sauka itatuwa suka yi ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara. Idan rani ya yi tsanani kowace bishiya ta bushe, sa'an nan ne yake yin kore, dabbobi su sami inuwa da abinci. Mutanen Sudan suna kiransa haraz, yana da yawa a gaɓar kogin Nilu.

To, akwai wani mashahurin mai zane na wannan ƙasa, Ibrahim Salahi, wanda aka haifa a Omdurman cikin 1930. Mahaifinsa malami ne, don haka da allo da tawada ya fara buɗe ido. Ya yi karatun zane a Landan cikin shekarun 1950, amma da ya komo gida sai ya ga irin zanen Turawa bai shiga zuciyar mutanensa ba. Daga nan ya koma ga haruffan Larabci da adon da suka saba da shi. A 1975 hukuma ta tsare shi wata shida ba shari'a. Bayan ya fito ya bar ƙasar, ya zauna a Ƙatar, kana ya tare a Oxford ta Ingila a 1998.

Can a ƙasar sanyi ne ya yi ta zana gawon garinsu da ka. Amma wanda ya duba yawancin zanen ba zai ga reshe ko ƙaya ba. Abin da zai gani layi ne miƙaƙƙe kamar alifi, da waɗansu layukan a jere daura da shi, cikin launin ƙasa da ja da kore. Dalili kuwa, wanda ya daɗe da rabuwa da wuri yakan manta adadin rassa, amma ba ya manta tsayuwar itacen da taurin kansa. Wannan halin shi ne Salahi ya ɗora a kan takarda.

Fatake da almajiran da suka yi nisa da gida sun san wannan al'amari. In garinku ya faɗo maka a rai, haskensa da launin ƙasarsa ne suke fara zuwa kafin siffar gidaje.

A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikinsa na fiye da shekara 50. Wanda ya sami damar ganin wannan zane, ya tuna da gawon gonarsu kafin ya yanke masa hukunci.