Yi wa motarka juye da hannunka



A garinmu mota guda ce. Tsohuwar Toyota Hilux ce mai shan gazuwal. Mutum bakwai sunka haɗa kuɗi sunka saye ta. Ita ke kai wake da gujiya kasuwa. Ita ke ɗauko taki. In naƙuda ta yi wa mace wuya cikin dare, ita ke kai ta likita.

Da kakar 2022 motar ta tsaya bisa hanya da kaya cikinta. Inji ya ƙame. Da makanike ya buɗe shi, sai ya iske man ya koma kamar kwalta. Anka tambayi direba yaushe anka yi juye na ƙarshe. Bai sani ba. Ba wanda ya rubuta. Man da ake ƙara mata kuwa na bakin hanya ne, irin na cikin kwalba.

Motar ta yi wata uku cikin garaji. Sai da masu ita sunka saida shanu biyu kafin ta tashi. Cikin waɗannan watanni, da amalanke anka kai wata mai haihuwa likita. Allah ya kiyaye ta, ita da ɗiyanta, amma mun ga tashin hankali.

Ɗaya daga cikin masu motar ɗalibina ne a makarantar yaƙi da jahilci. Dattijo ne. Wata rana bayan karatu ya ce mini: "Malam, mu da ba mu yi lakwal ba, muna iya wanga aiki da kanmu?"

Na ce: "Baba, wanda ya iya karanta lamba, ya iya rubuta kwanan wata, ai ya gama rabin aikin."

Na tafi wajen makanike. Na zauna, na duba, na yi tambaya, na rubuta. Tun daga nan, mu ke yi wa motarmu juye a gida. Ga abin da na koyo.

Mi ne ne amfanin mai cikin inji?

Cikin inji ƙarfe ke gugar ƙarfe da sauri ƙwarai. Mai shi ke shiga tsakaninsu don kar su ci juna. Shina rage zafi. Shina kuma kwashe dauɗa.

Injin gazuwal shina yin baƙin hayaƙi fiye da injin esansi. Wannan baƙin shina sauka cikin mai. Ƙurar hanya ita ma tana shiga. Akwai wani gwangwani da ake cewa filtir, wato matacin mai. Shi ke tare dauɗar, kamar yadda mace ke tace koko. In an daɗe, mai shi gaji, filtir shi cika. In filtir ya toshe, mai shina bi ta gefe shi shiga inji ba tare da an tace shi ba. Don haka ake juye tsohon mai a zuba sabo. Makanikai suna ce ma wanga aiki bidanji.

Ku lura: man injin gazuwal shina yin baƙi tun kwanakin farko. Wannan ba lalacewa ba ce. Ba da launi ake gane lokacin juye ba. Da lissafi ake gane shi.

Yaushe ake yin juye?

Ga tsofaffin motocin gazuwal masu bin rairayi da ƙura irin namu, a yi juye bayan kowane kilomita 5.000. Wannan ya kai kamar zuwa Damagaram daga Maraɗi da komowa sau goma. In wata shida ya cika ba a kai kilomita 5.000 ba, duk da haka a yi.

In agogon kilomita ya mutu, ku yi lissafi. Misali, motar da ke cin kasuwa huɗu cikin mako, kowace kasuwa kilomita 100 zuwa da komowa, tana yin kilomita 400 cikin mako. Cikin wata uku ta kai lokacin juye.

Duk sa'ad da anka canza mai, a canza filtir. Sabon mai cikin tsohon filtir kamar zuba ruwan sha ne cikin tulun da ba a wanke ba.

Wane mai za a saya?

Nan ne karatu ke da rana. Ku duba jikin galan. Ga tsofaffin injunan gazuwal cikin ƙasa mai zafi, lambar da anka fi aiki da ita ita ce 15W-40. Ku nemi kuma haruffan nan uku: API. Bayansu za ku ga wasu haruffa. In sun fara da C, kamar CF-4 ko CH-4 ko CI-4, mai ne na injin gazuwal. In S kaɗai ke akwai, kamar SL, na injin esansi ne. In motarku sabuwa ce, ku bi abin da littafinta ya ce.

Ku sayi galan wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ku duba murfin da kyau. Kar ku sayi na kwalba, don ba ku san abin da anka haɗa ciki ba. Akwai masu tace tsohon mai su saida shi da sunan sabo. Araha ba ta ado.

Hilux irin tamu tana shan lita 6 zuwa 7. Babbar Land Cruiser tana shan wajen lita 10. Ku tambayi makanike abin da taku ke sha, ku rubuta. Shi kuma filtir, lamba gare shi a jiki. Ku kwafi lambar tsohon bisa takarda, ku tafi da ita kanti. Kar ku rikita shi da filtir na gazuwal. Kowane aikinshi daban.

Kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku fara, ku tara waɗannan: sabon mai, sabon filtir, kile daidai da notin ƙasa (ga Toyota da yawa mai lamba 14 ne), sabon ɗan zoben da ke bakin notin, abin kwance filtir mai sarƙa ko mai ɗamara, tsohon daro wanda ke cin fiye da lita 10, mazurari mai tsabta, tsumma, da tabarma ko buhu na kwanciya.

Yadda ake yi

1. Ku aje mota wuri mai daidai, ba gangare ba, kuma inda iska ba ta kawo ƙura. Ku ja birkin hannu. Ku sa duwatsu gaba da bayan taya.

2. Ku tada inji minti biyar, sa'an nan ku kashe, ku cire makulli ku sa aljihu. Mai mai ɗumi ya fi zuba. Amma in mota ta dawo daga tafiya, ku bari ta huce. Mai mai zafi shina ƙuna kamar man tuya.

3. Hilux da Land Cruiser suna da tsawo, mutum na iya shiga ƙarƙashi ba a ɗaga su ba. In ƙaramar mota ce, kar kowa shi shiga ƙarƙashinta tana bisa jak kaɗai. Jak shina zamewa, balle cikin rairayi. Ku tokare ta da manyan guntayen icce masu ƙarfi.

4. Ku buɗe murfin mai na bisa inji. Ku sa daro ƙarƙashin tukunyar mai. Ku tabbata notin tukunyar inji ne, ba na akwatin giya ba. Ku kwance shi zuwa hagu. Ku ƙarasa da hannu, ku janye hannun da sauri. Ku bar mai shi tsiyaye minti goma ko sha biyar.

5. Ku dubi abin da ya fito. In ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga cikin mai. In kun ga ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya, wani abu na cinyewa. In ya yi ruwa ƙwarai shina warin gazuwal, gazuwal na zuba ciki. Waɗannan uku ba aikin gida ba ne. Ku nemi makanike.

6. Ku goge notin, ku sa sabon zobe. Ku fara ɗaura shi da hannu don kar shi hau karkace. Ku ƙarasa da kile. Kar ku taka kile da ƙafa. In haƙoran sunka cinye, gyara na da tsada.

7. Ku matsar da daro ƙarƙashin filtir, ku kwance shi zuwa hagu. Ku duba ko zoben robarshi ya fito tare da shi. Wani lokaci shina liƙewa jikin inji. In anka ɗora sabon filtir bisa tsohon zobe, mai na iya tsiyayewa duka bisa hanya.

8. Ku goge mazaunin filtir. Ku shafa sabon mai da yatsa bisa zoben robar sabon filtir. Ku ɗaura shi da hannu. In robar ta taɓa inji, ku ƙara murɗawa kashi uku cikin huɗu na kewaye guda. Ya isa.

9. Ku zuba sabon mai da mazurari. Ku rage kamar rabin lita. Ku rufe murfi.

10. Ku tada inji, amma kar ku taka wuta. Akwai jar fitila gaban direba mai siffar buta. Ya kamata ta mutu nan da nan. In kun ƙirga goma ba ta mutu ba, ku kashe inji. In ta mutu, ku bar shi minti biyu, ku leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗiga wajen noti ko filtir.

11. Ku kashe, ku jira minti biyar. Ku zaro sandar awo, ku goge, ku maida, ku sake zarowa. Alama biyu ke jikinta. Mai shi tsaya kusa da ta bisa, kar shi wuce ta. Mai da yawa shi ma ɓarna ne: shina kumfa, shina ɓata robobin inji.

12. Ku rubuta kwanan wata da lambar kilomita cikin ɗan littafi. Ku ƙara 5.000, ku rubuta lambar juye mai zuwa. Ku aje littafin cikin mota.

Tun da kun buɗe, ku duba filtir na iska, musamman lokacin hunturu. Ku kakkaɓe shi a hankali. In ya yage, ku canza shi.

Ina za a kai tsohon mai?

Makiyaya, wagga magana taku ce. Wasu suna shafa ma dabba baƙin mai don ƙaiƙayi ko kaska ko miki. Ku bari. Akwai guba cikinshi. Dabba tana lasa, shina shiga cikinta. Ku nemi magani wajen malamin dabbobi. Mutum ma, in baƙin mai shina yawan taɓa fatarshi shekara da shekaru, shina iya kawo ciwon daji. Ku wanke hannu da sabulu, ba da gazuwal ba.

Kar ku zuba shi ƙasa, balle kusa da rijiya ko tabki ko gona. Kaɗan daga cikinshi na ɓata ruwa mai yawa. Ku ɗura shi cikin galan ɗin da ya zama wofi, ku rufe, ku aje nesa da yara, ku kai garaji ranar da kunka shiga birni. Galan da daron da sunka taɓa man inji, kar a sake sa ruwan sha ko nono ko man gujiya cikinsu, ko an wanke.

Masu injin niƙa da injin ban ruwa na gazuwal, ku ma haka aikin yake. Sai dai ku da awoyin aiki za ku ƙirga, ba da kilomita ba.

Yanzu littafin motarmu shina hannun dattijon nan. Shi ke rubutawa. Kowace safiya kafin mota ta tashi, sai ya sa direba ya zaro sandar awo gabanshi. Ku karanta ma wanda bai iya karatu ba wagga takarda, ku kai ta ga direban garinku. Allah shi kiyaye mana dukiya da rayuka.