Kututturen da Bai Mutu Ba

Shirinmu na yau zai kai mu karkarar Maraɗi, mu nemo amsar wata tambaya da ke ci wa malaman makaranta tuwo a ƙwarya: me ya sa yaro zai haddace illar sare itatuwa har ya ci jarrabawa, amma da an tashi sai ya ɓalle reshen dalbejiyar ƙofar ajinsu, ko a jikinsa?

Tun a 1977, a taron da UNESCO ta kira a birnin Tibilisi, ƙasashe suka yarda cewa ilimin muhalli bai tsaya ga sani ba, ya haɗa da hali da ɗabi'a. Faɗa dai ba wuya. Yadda ake shuka halin a zuciyar mutum, nan gizo ke saƙa.

Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar. Tun 1975 ma ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashe. A yi biki, a dasa, a watse. Kafin damina ta zagayo, awaki da gara da iskar hunturu sun gama da mafi yawan dashen, don babu wanda ya ɗauke shi nasa.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura da abin da kowane manomi ya riga ya sani. Waɗannan 'yan tsirrai na sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace bazara, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski. Shi ke nan. Ba gandun reno, ba ban ruwa. Manoma suka raɗa wa wannan dabara suna sassabin zamani.

To ga inda labarin ya shafi batunmu. A yunwar 1984 an haɗa wannan dabara da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Ƙauyuka da dama suka shiga. Da rabon ya ƙare, sai yawancin mutane suka ɗauki gatari suka sare. Ku lura, sun san dabarar, an koya musu, har an biya su. Abin da ya rage shi ne zuciya ba ta karɓa ba.

Kada kuma mu yi saurin zarginsu. A wancan lokaci gona fes, babu ko tsiro, ita ce shaidar manomin kirki. Wanda ya bar sabara a tsakiyar gero sai a ce rago ne. Ga kuma dokar daji da aka gada daga Turawan Faransa, wadda ta mai da itatuwa dukiyar gwamnati. Ka reni itace a gonarka, ran da ka sari reshensa malamin daji ya ci ka tara. Wa zai so abin da ke jawo masa tara? Dokar da aka kafa don kare daji ita ta koya wa mutane ƙinsa.

'Yan kaɗan ɗin da suka daure wa dariyar maƙwabta su suka juya lamarin. Iska ta daina binne shukarsu da rairayi. Matansu suka huta da doguwar tafiya neman itacen girki. Gawo kuwa, da yake zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, ya ba ƙasa taki, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Maƙwabci ya gani da idonsa, ya kwaikwaya. Hukuma ta sassauta, har dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itatuwan gonarsa. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya-bayan nan, sai suka ƙiyasta cewa kadada wajen miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

A ganina, malamai, darasin da ke nan naku ne. Yaron da aka ce ya zana hamada a littafi zai manta kafin hutu. Wanda aka damƙa wa kututture guda a bayan makaranta, aka ce amana ce a hannunka, kai za ka datse shi, kai za ka kare shi daga akuya, kuma in ya girma a gabanka za a ambaci sunanka, wannan ya fara koyon tausayi da alhaki tare. Malaman addini ma sun daɗe suna karantar da mu cewa shuka itace sadaka ce mai gudana. Kamata ya yi wannan karatu ya sauko daga mumbari ya iso gona.

Ga misalin irin wannan amana: a ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye, jama'a da kansu suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, don su ma suna da haƙƙi a kan ganye da rassa. Wanda aka kama yana sara a gonar wani, a gaban mutanen garinsu zai amsa.