Gwanintar Ɗinki Kaɗai Ba Ta Riƙe Shago

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin iyaye, har da wasu malaman da ke koyar da zayyanar tufafi a manyan makarantunmu: wai idan ɗalibi ya iya zana riga a takarda, ya kuma ɗinka ta ta fito tsaf, to an gama masa komai, kasuwa da ƙafarta za ta zo nemansa. Wannan fahimtar ce ta sa shekarar ƙarshe take ƙarewa a kan abu guda, wato 'yan kayan da ɗalibi zai nuna ranar baje kolin kammala karatu. A kunna fitilu, a saki kiɗa, a yi rangwaɗa, a tafa, a ba da maki. Masu wannan ra'ayi da yawansu sun girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba, ina kuma ganin girmansu. Sai dai a nan ban bi bayansu ba.

Suna da gaskiyarsu. Wanda ba shi da ido, bai san launin da ya dace da wani ba, ba abin da lissafi zai tsinana masa. Baje koli ma ba wasa ba ne. Bikin FIMA da Alphadi ya fara a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998 ya kai sunan Nijar inda ba a zata ba, haka makon nuna tufafi na Legas da Omoyemi Akerele ta kafa a 2011 ya fito da matasa da dama. Amma da an kashe fitilu, ɗan kasuwar da rigar ta burge zai matso da tambayoyinsa: nawa ce, guda nawa za ki iya kawo mini, kuma yaushe? A nan ne ɗalibar da aka fi tafa wa takan yi tsuru-tsuru.

Dalili kuwa, ɗinka riga ɗaya daban, ɗinka ɗari masu kama da juna daban. Rigar baje koli an yi ta ne a kan jikin mutum ɗaya, an gwada, an farke, an rage nan, an ƙara can, wata da watanni. A kamfani ba wanda zai gwada. Sai an yanka samfurin rigar a kan takarda mai kauri, gaba da baya da hannu da wuya, sannan a fitar da ƙarami da matsakaici da babba daga gare shi. Wannan fitarwar ita ce wuyar aikin, domin ba ƙara inci ɗaya ake yi ko'ina ba. Ƙirji yana buɗewa fiye da wuya, ramin hammata yana da nasa ƙa'idar, kuma duk abin da aka taɓa a can sai an taɓa kan hannun riga, in ba haka ba ya tattare. Wanda bai taɓa yin wannan da hannunsa ba, takardar shaidarsa ba za ta yi masa ba.

Ku tsaya bakin teburin yanka ku gani. Turmin atamfa yadi shida ne. Mai yankan da ya san aikinsa yakan jera samfuran a kai, ya juya wannan, ya cusa hannun riga a lungun da siket ya bari, yana lura kada furen ya kalli sama a gaba ya kalli ƙasa a baya, duk kafin ya ɗora alli. Ɗan ƙyallen da ya zube ƙasa, a riga ɗaya ba a jin sa. A ankon biki na mutum hamsin kuwa, turame ne sukutum suka tafi kwandon shara, kuma ribar ce ta tafi.

Sai farashi, inda na fi jin takaici. Tambayi sabon mai digiri ko difloma nawa rigarsa ta ci, zai faɗi kuɗin yadi da na shafi da zif. Zare fa? Man janareta, gawayin guga, hayar shago, kuɗin mota zuwa Kantin Kwari da dawowa, ladan yaron da ya yi kalmasa? Lokacinsa shi kansa ba ya ma sa shi a lissafi, kamar kyauta yake samun sa. Haka zai yi ta karɓar aiki, keke bai huta ba, a ƙarshen shekara ya tarar ya cinye uwar kuɗi. Sunan da teloli suka yi na saɓa alƙawarin Sallah ma, yawancinsa ba mugun hali ba ne. Rashin sanin awa nawa kaftani ɗaya yake ci ne, sai a karɓi kafin alƙalami na aikin da azumi biyu ba zai ishe shi ba. Tsofaffin hannu sun san ranar da suke rufe karɓar ɗinki, kuma ko sarki ya aiko ba sa buɗewa.

Za a ce ai don haka aka yi SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973: ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha yana fita wata huɗu bayan shekarar farko, ga kuma shekara guda tsakanin ƙaramar difloma da babba. Niyyar tana da kyau. Amma ina za a tura shi? Masaƙun Kaduna da suka fara da KTL a 1957 sun durƙushe, kuma ko lokacin da suke kan ganiyarsu yadi suke saƙawa, ba riga suke ɗinkawa ba. Ɗalibai da yawa sukan ƙare a shagon bakin titi, ana aikensu sayen maɓalli, ranar ƙarshe a buga musu hatimi a littafi. Wanda ya yi sa'ar shiga kamfanin ɗinki na gaske kuma sai ya iske wata duniyar: mutum ɗaya aljihu kawai yake ɗorawa tun safe, na kusa da shi wuya kawai, ga keken Juki mai zuba ɗinki wajen 5,000 a minti, shi kuwa da Butterfly na ƙafa ya saba. Abin da ke haɗa ma'aikatan nan takarda ce guda mai ɗauke da awo, irin zare, faɗin kalmasa da inda maɓalli zai zauna. Rubuta wannan takardar shi ne aikin da za a ɗauki mai zayyana ya yi, kuma ita ce ba a cika neman ta a jarrabawar fita ba.

Wasu malaman sukan ce in aka bi ta tawa, an mai da makaranta shagon tela. Ni kuwa gani nake akasin haka ne. Ubangida a shago yana koya wa yaronsa haƙuri da mai kaya, da yadda ake lallashin hajiyar da ta canja ra'ayi bayan an yanka leshi. Abin da ba kasafai yake iya koyarwa ba shi ne fitar da girma-girma, da lissafin yadi, da rubuta bayani yadda wani zai ɗinka ba tare da ya tambaye ka ba. In makaranta ta bar waɗannan, me ta ƙara wa ɗalibi a kan wanda ya yi shekara huɗu gaban oga? Kuma kada a manta da wa zai yi gogayya: abayar da aka ɗinko a Dubai ko Sin tana rataye a kasuwa da lambar girmanta, gwanjo na gefe yana karya farashi, makarantu masu neman yunifom ɗari uku kafin a koma hutu ba ruwansu da wanda ya zo na ɗaya a aji.

Ban ce a soke baje koli ba. Roƙona ga shugabannin sassa, da hukumar NBTE da ke Kaduna mai tsara manhajar kwalejojin nan, shi ne a raba makin shekarar ƙarshe. Kowane ɗalibi ya zaɓi riga ɗaya cikin kayansa, ya fitar da ita girma uku, ya rubuta takardar bayaninta, ya miƙa wa 'yan ajinsu su ɗinka dozin guda ba ya wurin. Ya sa mata farashi, ya kare farashin gaban wani ɗan kasuwa da aka gayyato ya zauna cikin masu ba da maki, sannan ya kai kayan kasuwa ya dawo da bayanin abin da aka saya da abin da ya yi kwantai. Malamai, zango ɗaya ya isa a gwada wannan, kuma kekunan da ke ɗakin koyon aikinku yanzu sun wadatar.