Da Ƙafa da Waya a Burtalolin Tsanyawa

 Yau za mu bar birnin Kano mu kama titin Katsina, mu wuce Dawanau, mu wuce Bichi, mu sauka a Tsanyawa, ƙaramar hukumar da ke bakin iyakar Kano da Katsina. Abubuwa biyu za mu haɗa waɗanda ba a saba haɗawa ba a ƙasarmu: yawon ƙafa lokacin hutu, da ɗaukar hoto don sha'awa, ba don neman kuɗi ba.

Ka ce wa dattijo a Yankamaye ko Daddarawa za ka fita tafiyar ƙasa don nishaɗi, zai tambaye ka ko lafiya. Yana da gaskiyarsa. A zamaninsa tafiyar ƙasa dole ce. Da ƙafa ake zuwa cin kasuwa, da ƙafa ake kai amarya garin da ke kusa, da ƙafa ake bin jaki da mangalar taki zuwa gona. Yau babur ya karɓe wannan aiki, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma baya, domin babur ɗin ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Sai dai wanda ke kan babur hanya yake kallo. Mai tafiya a ƙasa shi ne ke ganin cewa kukar da ke bakin burtali ta fara ruɓewa, ko rumbun da ke bayan gidan wane ya rushe ba a sake ginawa ba.

Sauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Rufin azara da na jinka suna ba kwano wuri, bulon siminti yana ture tubali. Inda ake jin lugude da asuba, yanzu ƙarar injin niƙa ake ji. Guga da wasaki suna ja da baya a gaban rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Fitilar ƙwai ta tafi, ga shagon cajin waya, ga mai POS a gindin darbejiya. Yawancin waɗannan sauƙi ne da muke gode wa Allah a kansa. Abin da ke damuna shi ne tsohon yanayin yana wucewa ba tare da an ajiye kamanninsa ba, alhali kuwa kayan ajiyewar suna aljihun samarinmu.

Masu shekaru za su tuna yadda hoto yake a da. Mai hoto ne ke zuwa da kyamararsa ranar sallah ko ranar biki. Fim ɗinsa yawanci hoto 36 yake ɗauka, don haka ba ya danna maɓalli sai kowa ya gyara hula, ya daidaita ɗankwali. Sannan a jira fim ya cika, a kai birni a wanko, wani lokaci a dawo a ce ya ƙone. Mutum kan yi shekaru bai mallaki hoton kansa ba, sai ɗan ƙaramin nan na takardar makaranta ko na fasfon aikin hajji. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, ba a jima ba wayoyi masu kyamara suka cika kasuwannin Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga can suka bazu ƙauyuka. Kamfanin Kodak, wanda ya sa kyamara a hannun jama'ar Amurka tun 1888, sai da ya kai kansa kotu a 2012 saboda karayar arziki, duk da cewa injiniyansa ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975.

To, me muke ɗauka da wannan baiwa? Buɗe wayar kowane saurayi: fuskarsa, sabon ɗinkinsa, shi da abokai jingine da motar wani. Babu laifi, ƙuruciya ce. Amma bayan shekara talatin, jikokinmu za su fi son ganin abin da ke bayan mai hoton: zauren, dangar karan, yadda ake ɗaure damin gero.

Wasu sun gane haka tun da wuri. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara bin matan Nijeriya yana ɗaukar kitsonsu a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, kuma yau akwai salon kitson da sai a hotunansa ake ganinsa. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓarnar yaƙi. 'Yan makaranta ta ɗauka, da 'yan kasuwa, da masu biki. Daga Ojeikere har Fati, babu wanda ya je neman abin mamaki. Abin da kowa ke wucewa bai kula ba suka tsaya a kansa.

Game da yawon ƙafa kuwa, matasan Abuja da na Jos suna haɗa ƙungiya su hau duwatsu a ƙarshen mako, na birnin Kano su hau Dala ko Goron Dutse. Tsanyawa ba ƙasar manyan tsaunuka ba ce. Arzikinta gona ne da itatuwan da ke cikin gona. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 150,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 500 ba, shi ya sa gona ke manne da gona, ba ka yin nisa ba ka ci karo da gida ko rijiya ba. Ga mai tafiyar ƙasa wannan alheri ne, ba zai rasa ruwa ko wanda zai nuna masa hanya ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratso daga Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ya kuma yaba kyan karkarar da ke tsakanin biranen biyu. Alƙalami da takarda kawai yake da su.

Ga wani aiki da nake so wani ɗalibi ya ɗauka. Ka zaɓi gawo guda a gonarku. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, lokacin da komai ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa, ya bar wa gero rana, da rani, ƙasa ta bushe, sai ya tofo, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Manoma sun san amfanin gona ya fi kyau a gindinsa. Ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauke shi a hutun watan Agusta, ka koma da kaka an jera dammuna, ka sake komawa cikin hunturu hazo ya rufe gari. Hoto uku na itace ɗaya sun ba da labarin shekarar manomi. Haka za ka yi wa ɗorawa lokacin da ta fitar da tutu, da kanya, da tsamiya, da garken Fulani a labi.

Game da dabara, ba ta da yawa. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, domin hasken tsakar rana yana daskarar da fuska ya zurfafa inuwa. Ka goge idon kyamara da gefen riga kafin ka ɗauka, ƙurar aljihu ce ke dusashe yawancin hotunanmu. Maimakon ka jawo abu da yatsa, taka ka matsa kusa da shi. Ka riƙe gorar ruwa, ka sa takalmi mai rufi saboda ƙarangiya da ƙaya.

Yanzu ga maganar da ba zan tsallake ba. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun shigo wasu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono da ke bakin iyaka, sun ɗauke mutane. Muna roƙon Allah Ya kawo ƙarshen wannan masifa. Saboda haka kada kowa ya fita shi kaɗai. Ku zama uku ko huɗu, ku shaida wa iyaye da mai unguwa inda kuka nufa, ku bi shawarar mutanen gari kan wurin da za a guje wa, ku dawo gida kafin magariba. Kada ku ɗauki jami'an tsaro ko shingensu.

Sai kuma mutunci. Akwai wanda ba ya son a ɗauke shi saboda fahimtarsa ta addini, akwai wanda kunya ce kawai. Duka haƙƙinsu ne. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Baba, ka yarda in ɗauke ka kana saƙar nan?" In ya ƙi, ka gode masa ka wuce. Matan aure da 'yan mata a bakin rijiya ba a ɗaukarsu ba izini, ba a kuma watsa hoton kowa a Facebook ko TikTok bai sani ba.

Hoton da ke cikin waya kawai, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta ya tafi. WhatsApp kuma yana rage wa hoto kaifi, sai in ka tura shi a matsayin fayil. Ka zaɓi goma mafi kyau daga kowane hutu, ka kai a wanke maka su a takarda. A bayan kowanne ka rubuta sunan gari, da wata da shekara, da sunan wanda ke ciki, ka kai masa nasa kwafin.