Shirin Haihuwa Tun Kafin Naƙuda Ta Taso

Maganarmu ta yau a kan mace mai ciki ce da maigidanta, musamman ku da kuke zaune a Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Yawancinsu kuwa abin da ya ɗauke su yana da magani: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Jinkiri ne yakan hana maganin ya iske su. Akan yi jinkiri a gida ana shawara, a yi jinkiri a hanya, wani lokaci kuma a asibiti ana neman kuɗi ko jini.

A yankinmu jinkirin hanya ya fi tsanani. Kowa ya san halin da hanyoyin Shinkafi da Zurmi suka shiga saboda 'yan bindiga; rana na faɗuwa, direba yakan ajiye motarsa. Ba mu manta ba kuma da watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, ba dama ka kira kowa. Naƙuda kuwa sau da yawa da dare take tasowa. Saboda haka shawararmu ta fari ita ce, idan ƙauyenku yana nesa da asibiti, da ciki ya shiga wata tara mace ta koma gidan wani ɗan'uwa a cikin gari, ta jira ranarta a can. Al'adar kai mace gidan iyayenta domin haihuwar fari tana da kyau, amma sai a duba: gidan iyayen ya fi kusa da asibiti, ko ya fi nisa? Iyalan ikilisiya da ke cikin gari, in kuna da ɗaki, ku buɗe shi.

Kafin wannan akwai awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin watanni uku na fari. A wurin awo ne ake gwada hawan jini da yawan jinin, a duba kwanciyar ɗa, a yi allurar hana sandarewar jarirai, a ba da ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro. A nan ne kuma za a faɗa wa wasu cewa lalle su haihu inda ake tiyata da ƙarin jini: yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, matar da ta haihu sau biyar ko fiye, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai ɗauke da tagwaye, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye. Akwai babban asibiti a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana taimako a na Shinkafi da na Zurmi, abin da ya fi ƙarfinsu kuma akan tura shi Gusau.

Yanzu bari mu juyo gare ku, magidanta, gama rabin shirin nan a hannunku yake. Ku ware kuɗin mota da na asibiti tun lokacin girbi, ko ku keɓe akuya guda domin wannan. Ku daidaita da direba ko mai babur, ku san ƙofar gidansa. Ku nemi 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su ba da jini. Sa'an nan ku faɗa wa mutanen gida a fili cewa ko kuna gona ko kun yi tafiya, kun yarda a kai ta asibiti. Mata da yawa sun galabaita a ɗaki ana jiran maigida ya dawo ya ce a tafi.

Ke kuma 'yar'uwa, ki haɗa jakarki: katin awo, zannuwa wankakku, sabulu, sabuwar reza, tocila, da kayan jariri. Ki kuma ajiye kunya. An koya wa 'yan mata su yi shiru da ciwon haihuwar fari, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kin ji mara tana ɗaurewa a kai a kai, ko faya ta fashe, ki faɗa. Zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ɗa ya daina motsi, duk waɗannan ba a kwana da su.

Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta ci gaba, ta asibiti ce. Kada a yi yankan gishiri, kada a danne ciki, kada a ba da jiƙo ko allurar kemis domin a gaggauta ta, gama mahaifa tana iya tsagewa. Kan ɗa idan ya daɗe a maƙale yakan huda mafitsara, ya bar mace da yoyon fitsari. Ana gyara wannan a asibitin Babbar Ruga a Katsina, amma sau da yawa ɗan ya riga ya mutu.

Bayan ɗa ya fito, hatsari bai wuce ba tukuna. Zubar jini yana iya kashe mace cikin awa biyu. A asibiti akan yi mata allura nan da nan. Inda ba allura, akwai ƙwayar misoprostol da ake sha bayan haihuwa. Mu lura: bayan ɗa ya fito, ba kafin ba ko kaɗan. Idan mabiyiya ta yi awa guda ba ta faɗo ba, ko jini yana jiƙe zane bayan zane, a tafi. A sa jariri a ƙirjin uwarsa, ya kama nono cikin awa ta fari. Dakashi, wannan nono na fari mai kauri da wasu ke matsewa a zubar, shi ne kariyarsa ta farko daga cuta. A cibiya a shafa maganin chlorhexidine kaɗai, ban da toka, ban da man goge baki.

Sai wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilai kuma, amma gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, yana kuma ta da hawan jini. Iyayenmu mata, ku sassauta ruwan ya zama mai ɗumi, ku rage kanwa, ku ƙara mata wake, ƙwai, nama da zogale. Mai jegon da take haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko jininta yana wari tare da zazzaɓi, kada a jira arba'in. Ko lafiya lau take, a duba ta da jaririn a rana ta fari, da ta uku, da mako na biyu, da mako na shida. A ziyarar ƙarshen nan ne za su tambayi ma'aikaciya hanyar ba da tazara, domin jiki yana bukatar hutun shekara biyu kafin wani ciki.