Ƙasar Bakin Gulbi: A Tona Kafin A Biya

Ruwan sama ya ɗauke, gulabe sun fara janyewa, lokacin neman wurin lambu ya yi. Daga Wudil har Haɗejiya duk inda aka zauna zancen ke nan, wane ya ba da fadamarsa haya, wane ya karɓi jingina. Ba manoma kaɗai ba ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis su ma sukan zuba ɗan abin da suka tara a noman rani. Da yawa kuwa sukan biya kuɗi ba su ko tona ƙasar ba. Sun ji an ce fadama ce, shi ke nan. To, fadama ba ɗaya ba ce. Gonaki biyu suna iya zama maƙwabta, ɗaya ta yi albasa har a rasa buhunan zubawa, ɗayar kuwa ta ruɓar da dashe tun bai kama ba.

Dalilin wannan bambanci yana wurin kogin da ya yi ƙasar. A ɗauki Kogin Haɗejiya misali. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya bi ta Ringim ya wuce Haɗejiya, har ya sadu da na Jama'are wajen Gashuwa. A watan Agusta da Satumba yakan cika, ya yi ja saboda ƙasar da ya kwaso daga tudu. Da zarar ya tsallake gaɓa ya bazu, sai ƙarfinsa ya karye, ya fara sauke kayansa. Yashi shi ne mai nauyi, shi ke fara zama, nan bakin gaɓa. Gaba kaɗan sai rairayi mai laushi da garin ƙasa su zauna. Laka kuwa ba ta da nauyi, ruwa yakan tafi da ita can cikin kwari, inda zai kwanta wata da watanni. Shekara da shekaru ana haka, sai gefen kogi ya yi ɗan tudu, ya fi bayansa bisa. Shi ya sa sau da yawa gonar da ke kusa da kogi ta kan riga ta nesa bushewa, abin da yakan ba baƙo mamaki.

Ƙasar da ake nufi a nan ita ce ta wannan ɗan tudu, tsakanin yashin gaɓa da lakar kwari. Ba ta cika faɗi ba, tana bin kogi ne kamar rawani, wani wuri ta buɗe, wani wuri ta tsuke.

Masana sun ce kowace ƙasa haɗin abu uku ce. Akwai rairayi, wanda ake jin tsakuwarsa a yatsa. Akwai garin ƙasa, wanda in ya bushe aka murza sai a ji kamar garin alkama. Akwai kuma laka, mai danƙo. Rairayi yana barin ruwa da iska su wuce, amma ba ya riƙe taki. Laka tana riƙe ruwa da taki, amma takan shaƙe saiwa, in ta bushe kuma fartanya ba ta shigarta. Ƙasa mai gauraye ita ce wadda babu ɗayansu da ya danne sauran. Bisa ga awon da aka fi bi, cikin kashi 100 laka ba ta kasa 7 ba, ba ta wuce 27 ba, garin ƙasa daga 28 zuwa 50, rairayi kuma bai wuce 52 ba.

Manomi ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya gane ta. Ya ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ya jiƙa ta kaɗan, ya cuɗa. In ta ƙi dunƙulewa, rairayi ya yi yawa. In ta dunƙule, ya mulmula ta kamar igiya, tsawon tafin hannu, sa'an nan ya gwada lanƙwasa ta. Mai gauraye takan yi igiyar, amma da an lanƙwasa sai ta karye. Wadda ta zagaya ta zama awarwaro ba ta tsage ba, wannan laka ce, ta fi dacewa da shinkafa ko maginan tukwane.

Amma gwajin sama bai isa ba, gama saiwa ba a sama take zama ba. Wanda zai ba da kuɗin haya na shekara, bai kamata ya yi ƙyashin aikin rabin yini ba. A haƙa rami mai zurfin ƙafa uku ko huɗu, a gyara bangonsa da wuƙa, a duba launi. Ƙasar da iska ke shiga takan zama ruwan ƙasa ko ja-ja, launi ɗaya har ƙasa. Inda ruwa ke daɗewa a kwance kuwa, iska ba ta shiga, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar ya narke ya gusa, sai a ga ta koma ruwan toka, da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Wannan alama ba ta ɓacewa da rani. Mai gona yana iya rantsuwa cewa ruwa ba ya kwanciya, amma ramin zai nuna iyakar inda yakan tsaya. In babu tokar nan har zurfin ƙafa uku, ƙasar mai sakin ruwa ce. In ta fito tun ƙafa ɗaya, tumatir da barkono za su sha wuya, domin kwana biyu ko uku cikin ruwa ya isa ya sa su yaushi. Kafin a cike ramin yana da kyau a zuba masa ruwa da yamma. Wanda ya kwana bai tsotse ba, a yi hattara da shi.

Akwai abu na biyu da ramin zai nuna. Ƙasar tudu takan sake kama a hankali, baƙi-baƙi a sama, tana yin haske ana nitsawa. Ta bakin gulbi ba haka take ba, hawa-hawa ce kamar an jera tabarmi: rairayi, sai gari, sai wani siririn baƙin layi, sai rairayi kuma. Kowane hawa ambaliya ce ta wata shekara, baƙin layin nan kuwa tsohuwar fuskar gona ce da ruwa ya binne da ciyawarta. A lura da kaurin kowane. In ƙasa mai kyau ba ta fi taƙi ɗaya ba, ƙarƙashinta yashi zalla, to mai injin ban ruwa zai ƙone mai a banza, ruwa da taki suna zurarewa.

Wannan jeri shi ne abin da masana suka dogara a kai wajen ba ta aji. A taswirar ƙasa ta duniya wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da bayaninta a 1974, sunan ajin Fulubisol, daga kalmar Latin mai nufin kogi. A tsarin Amurka na 1975 tana cikin Entisol, watau ƙasa sabuwa wadda ba ta daɗe a wurinta ba, a reshen da ake kira Fuluben. In kogi ya daina hawa wurin shekaru masu yawa, tsutsa da gara da saiwoyi suka cakuɗa jerin har ya ɓace, sai ta koma ajin Kambisol. Ta kwari mai toka galibi Gilesol ce. Baƙar laka mai tsagewa, irin firkin Barno inda ake dasa masakwa, ita ce Batisol. Sunayen suna da nauyi a baki, amma ma'aikacin da aka miƙa wa takardar safiyon gona ya kamata ya san su. Sai dai kalmar Fulubisol ita kaɗai ba ta ce ƙasa mai kyau ce ba, ta faɗi asalinta ne kurum. Sai an karanta gaba. Sakin ruwa aji 7 ne, daga wadda ba ta riƙe kome har zuwa wadda kullum take jiƙe, wanda ake so shi ne na uku. Ambaliya ita ma an kasa ta: wurin da ruwa ke hawa fiye da sau 50 cikin shekara 100, da na sau 5 zuwa 50, da wanda bai wuce sau 5 ba.

Ƙasa irin wannan ba ta zaɓen shuka. Albasa, tumatir, tattasai, alkama, masara, dankali, rake, duk suna yi. Tana da sauƙin huɗa, ruwa kuma yana kusa, abin da ya sa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka yawaita a fadamu tun da aka fara Shirin Fadama na Ƙasa da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990. Shinkafa ce kaɗai ba ta cika jin daɗinta ba, domin ruwa ba ya tsayawa.

Tana da nata aibu. Sakin ruwa dabam, tsira daga ambaliya dabam. Ƙasar da kogi ya yi, kogi yana iya komowa kanta, kamar yadda mutanen Jigawa suka gani a 2012 da 2022. Saboda haka mai son noman damina a wurin ya tambayi dattawan unguwa shekarun da ruwa ya hau, ya dubi alamar da ya bari a jikin itatuwa.

Sa'an nan batun ƙarfinta. A da ambaliya ita ke kawo mata sabuwar ƙasa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, wani kashi na wannan ƙasa yana zama ne a bayan madatsa, ruwan kuma ba ya bazuwa yadda ya saba. Maganar cewa fadama ba ta son taki ta zama tsohon zance. A zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai kafin huɗa. Takin zamani irin yuriya kuwa a raba shi kashi biyu ko uku, domin in aka zuba gaba ɗaya ruwan ban ruwa zai nitsar da shi ya wuce saiwar albasa, wadda ba ta cika wuce ƙafa ɗaya ba. In aka fara ganin fari-fari kamar kanwa a bakin fangali, gishiri ne ke tasowa. Nan ma sakin ruwa yana da rana: a ba wurin ruwa mai yawa lokaci guda, a buɗe magudana a ƙasan gona, ya wanke shi ya fita.